Kokwambar teku na fuskantar barazanar ƙarewa

Masana muhalli na ci gaba da gargaɗin cewa kokwambar teku na ƙara ƙaranci a tekunan duniya, sakamakon yadda ake rububinta a kasuwannin ƙasar Sin.

Duk da sunan da take ɗauke da shi, kokwambar teku ba tsiro ba ce. Dabba ce mai taushin jiki da ke kwance a ƙarƙashin teku, kuma akwai ire-irenta fiye da 1,500.

Amfaninta shi ne, takan haɗiye yashi ta narkar da ruɓaɓɓun abubuwan da ke ciki, sannan ta fitar da shi da tsabta.

Masunta kan dafa ta, su busar, a yi safararta zuwa Hong Kong. 'Yan Sin na ɗaukarta a matsayin abincin alfarma da kuma magani.

Abin da ya sa take saurin ƙarewa

Dabbar ba ta da sauri, don haka da hannu ake tsintarta. Haka kuma maza da mata a cikin ruwa suke sakin iri, saboda haka idan suka yi nisa da juna haihuwa kan gagara.

A shekarar 2013, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ire-irenta 16 cikin jerin halittun da ke cikin haɗari, bakwai daga ciki a mataki mai tsanani.

A 2019 kuma, taron yarjejeniyar CITES a birnin Jeneva ya ƙayyade cinikin iri uku tsakanin ƙasashe, aka ƙara wasu uku a Panama a 2022.

Darasi daga jakuna

Ko da yake Kano ta yi nisa da teku, labarin ba baƙo ba ne ga jikokin fataken kasuwar Kurmi, waɗanda kakanninsu suka yi ta kai kaya Gwanja a kan jakuna.

Buƙatar fatar jaki domin haɗa magani a Sin ta sa jakuna sun yi tsada a arewacin Najeriya, har Tarayyar Afirka ta haramta yanka su domin fata a 2024.

A Saliyo ma, masuntan tsibiran Banana sun soma tsintar kokwambar ne bayan zuwan 'yan kasuwar Asiya. Cikin 'yan shekaru sai da ta kai suna nitso mai zurfi, da kasadar rayukansu, kafin su samo abin da a da suke ɗiba a bakin gaɓa.