Bindiga a Ƙarƙashin Kujerar Mota: Kafin Mu Ɗauka, Mu San Doka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ngaundare zuwa Meiganga da Garoua-Boulaï da kuɗin shanu a jikinsa, ba sai an gaya masa mene ne zargina ba. Wasunmu sun rasa jari, wasu sun rasa 'yan'uwa. Saboda 'yan tare hanyar nan ne ma gwamnatin Kamaru ta kafa rundunar da a 2001 ta zama BIR. Shi ya sa idan muka zauna shan shayi a nan Briqueterie, ba a rasa mai cewa, "To, ni dai zan nemi 'yar ƙaramar bindiga in jefa ƙarƙashin kujera." Alhaji, tsaya tukuna.

Dokar da ke kula da makamai a Kamaru ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Ta kasa makamai kashi 8. Bindigogin kare kai suna kashi na 4, na farauta kuma kashi na 5, kuma ba a mallakarsu sai da izinin Ministan Harkokin Cikin Gida. Izinin nan na mutum ɗaya ne, a kan bindigar da aka rubuta lambarta. Ba a aron sa, ba a ba yaro ya riƙe. A watan Afrilu 2018 ma Minista Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi a jihohi 6, har da Adamawa da jihar Tsakiya inda Yawunde take.

Wasu na cewa ai mota kamar ɗakin mutum ce. Ba haka ba ne. Sashe na 237 na kundin laifuffuka ya bambanta ajiye makami ba izini da fita da shi daga gida. Wanda ya fita da shi, ninka masa hukunci ake yi. Wanda ya miƙa wa wani makami bai tabbatar yana da izini ba, shi ma abokin laifi ne, kuma makamin ƙwacewa ake yi. Sa'an nan shari'ar irin wannan bindiga kotun soja take zuwa, ba wurin sarkin unguwa ba, balle a ce a yi sulhu.

Mun ga abin da idonmu. Wani ɗan'uwanmu ya ɗoro shanu daga Ngaoui, ya sa bindigar aro a aljihun mota, bai gaya wa kowa ba. Da aka yi bincike a wani shinge, aka tafi da shi da direba da yaron mota. Mota ta kwana biyu a rana, shanu uku suka faɗi kafin a sami mai ƙarasa da sauran mayankar Etoudi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ga masu ƙetare iyaka kuma, mu riƙe wannan: takardar Kamaru iyakarta Kamaru. A Nijeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu cikin waɗanda aka haramta, ba mai ba da lasinta sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba lasi yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Saboda haka wanda ya shiga kasuwar Mubi da ita, ya ɗauko wa kansa jidali. Haka mai gangarawa Kyé-Ossi da niyyar shiga Gabon, izininsa ya ƙare a bakin iyaka.

To, mene ne abin yi? Ɓarawo kuɗi yake bi, sai mu raba kanmu da kuɗin. Mu zuba a banki, ko mu tura ta waya, ko mu bi tsohuwar hanyar iyayenmu ta barin kuɗi a hannun maigida amintacce. Mu yi tafiya ayari, da rana, kada mu riƙa shelar ranar tashinmu a kara. Wanda yake da izini na gaskiya, ya riƙe takardarsa a jikinsa, ya faɗa wa jandarma tun kafin a buɗe mota. Kafin mu hau motar haya kuwa, mu tambayi direba abin da ke cikinta. Ba abin kunya ba ne.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa wa kasuwarmu albarka, amin.