Tallafi da Diyya: Alhakin Gwamnati Idan Bala'i Ya Auku

A dokokin yawancin ƙasashe, gwamnati ba ta biyan diyyar asarar da ambaliya ko fari ko girgizar ƙasa suka jawo, muddin babu hannunta a ciki. Abin da takan bayar shi ne tallafi: buhunan shinkafa, tabarmi, barguna, kwanon rufi, wani lokaci da ɗan kuɗi. Tallafi jinƙai ne, hukuma ce ke yanke yawansa da wanda zai samu. Diyya kuwa haƙƙi ce, ana auna ta da girman asara, wanda aka hana shi kuma yana da ikon kai ƙara. A Najeriya, aikin agaji aka ɗora wa hukumar NEMA tun da aka kafa ta a 1999.

Alhaki yana hawa kan gwamnati ne idan sakaci ya shigo. Ruwan sama daga Allah yake, amma madatsar ruwa da magudana da izinin gini a bakin kogi duk aikin mutum ne. Wata tsohuwar shari'ar Ingila ta 1868, wadda kotunan Najeriya ke aiki da ƙa'idarta har yau, a kan ruwa aka yi ta. Mai masana'anta ya sa aka gina masa tafki, ruwan ya bi ta tsofaffin ramuka ya cika mahaƙar kwal ta maƙwabcinsa. Hukuncin ya ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa shi zai biya idan abin ya ƙwace, sai dai in ya nuna abin ya fi ƙarfin kowace irin kiyayewa.

Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙara fito da batun a 2008. Kwararar laka ta afka wa garin Tirnawuz na Rasha a Yulin 2000, bayan an bar katangar da ke tare lakar a lalace, aka kuma yi biris da gargaɗin masana. Kotun ta kama Rasha da laifin gaza kare rayuka. Game da gidaje da dukiya kuwa ba ta kama ta ba, domin a ganinta nauyin kare dukiya bai kai na kare rai ba.

Irin wannan tambaya ta taso a Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, da ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa. Madatsar ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994, saboda haka da wuya a ce ba a san haɗarinta ba. Duk da haka, abin da ya isa hannun jama'a sunansa tallafi.

Dalili kuwa, hanyar kotu cike take da ƙaya. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin babin da sashe na 14 yake. Dokar kare jami'an gwamnati kuma wata uku kacal ta ba mai ƙara, alhali shi yana can sansani yana neman abin kai wa baka. Ga kuɗin lauya, ga na injiniyan da zai tabbatar da sakaci, takardun filin ma ruwa ya tafi da su.

Faransa ta kauce wa wannan ja-in-ja da wata doka ta 1982. Duk mai inshorar gida ko kadara yana biyan ƙarin wani kaso a kan kuɗin inshorarsa, wanda aka ɗaga daga 12 zuwa 20 cikin ɗari a 2025. Da zarar gwamnati ta ayyana cewa bala'i ya afka wa wani yanki, kamfanin inshora zai biya ba tare da an nemi mai laifi ba, gwamnati kuma ta tsaya wa kamfanonin idan asarar ta fi ƙarfinsu.