In Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Mutu A Sararin Samaniya

Da yammacin Juma'a 6 ga watan Disamba, 2024, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Hawker na kamfanin Flybird ya tashi daga Abuja zuwa Akara ta ƙasar Gana da mutum huɗu a ciki. Bai yi nisa ba injin guda ya sami matsala, matuƙan suka juyo. Suna gab da isowa kuma ɗaya injin ya daina yi musu biyayya. Duk da haka suka sauka lafiya a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ba wanda ya ƙwarzane. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ta ɗauki maganar.

Mutuwar inji ba ta sa jirgi ya rikito kamar dutse. Fukafukansa na ci gaba da ɗaukarsa yana gangarowa sannu a hankali. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya kamar Cessna 172 yakan ci kimanin mita 9 gaba a kowace mita 1 da ya sauko. Wato daga tsayin mita 1,500 matuƙi na da kusan kilomita 13 da zai nemi masauki, kuma wannan na cikin darussan da ɗalibai ke maimaitawa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya.

Sai dai samun masaukin ne aiki. Wanda abin ya rutsa da shi a saman Panda ko Keffi a Jihar Nasarawa zai hango gonaki shimfiɗe, amma tudun doya da ke da kyan gani daga sama yana iya kama ƙafar jirgi ya kifar da shi. Kan titi kuma ga motoci, ga wayoyin lantarki.

Ga ɗan kasuwa mai shatar jirgi, abin dubawa tun a ƙasa yake. Lasisin jirgin amfanin kai daban ne da na ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma a 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen da ke haya a fakaice. Mai lasisin haya ana tsananta masa binciken gyara da horon matuƙa. In aka yi saukar gaggawa a tafiyar da ba ta da izini, kamfanin inshora na iya ƙin biyan ko sisi. Saboda haka kafin a biya kuɗin shata, a nemi ganin takardar izinin haya da ta inshora.