Idan Mama ko Yaya na da juna biyu: abin da ya kamata mu sani

Da wuya a samu ɗaya daga cikinmu da babu mai juna biyu a gidansu ko a maƙwabta: ko Mama, ko Yaya, ko matar Kawu. Mu ake aika sayo magani, mu ake miƙo wa katin asibiti a ce mu karanta. Saboda haka wani lokaci ɗan sakandare ne zai fara lura cewa akwai matsala.

Mu fara da ciwon sukari na masu ciki. A darasin Bayoloji mun koyi cewa sinadarin insulin ne ke shigar da sukari daga jini zuwa sassan jiki. Idan ciki ya yi nisa, mabiyiya kan fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi. Jikin wasu mata ya kan kasa cike giɓin, sai sukari ya taru a jini ya ratsa zuwa ga jariri. Jaririn kan yi girma fiye da kima, har ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya ko a kai ga tiyata.

Haɗarin wannan ciwo shi ne sau da yawa ba ya nuna alama. A gida mukan ji an ce mai ciki na da "zaƙi", a jiƙa mata saiwoyi. Amma gwajin jini kaɗai ke nuna yawan sukari, kuma an fi yin sa tsakanin mako na 24 da na 28. Idan an gano shi, akan shawo kansa da rage lemon kwalba da kayan zaƙi, daidaita cin tuwo da shinkafa, ƙara wake da ganye, da ɗan tattaki. Wasu sai an haɗa da magani ko allurar insulin. Yawanci yakan tafi bayan haihuwa, sai dai uwar na buƙatar ci gaba da gwaji, domin yana iya dawowa daga baya.

Na biyu shi ne hawan jini, wanda kan bayyana bayan mako na 20. Idan awo ya kai 140/90, ma'aikatan lafiya kan duba fitsari. Alamominsa sun haɗa da matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa. In aka yi sakaci yakan kai ga jijjiga, wadda wasu ke ɗauka bugun iska ce. Ba iska ba ce, kuma akwai allurarta a asibiti.

Akwai kuma ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro ke tsananta shi. Shi ya sa ake ba masu ciki maganin ƙarin jini, ake kuma so su riƙa kwana cikin gidan sauro.

Mene ne namu a ciki? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Mu riƙa tuna mata ranar awo, mu karɓe ta ɗibar ruwa da daka. Idan muka ga zubar jini, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ko ta ce jariri ya daina motsi, kada mu yi shiru don kunya. Mu sanar da manya nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.