Asibitin Zarra da Ciwon da Ke Hana Haɗiya

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Sudan, can inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Khartum a wannan gaɓa, Omdurman a waccan.

Bari mu fara da kofin shayi. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, in ka bi Titin Nilu da la'asar sakaliya, mata masu shayi za ka gani jere a ƙarƙashin bishiyoyi. Sittat ash-shay ake ce musu. Kowace tana zaune a kan 'yar kujera, ga garwashi a gabanta, buta na tafasa, ga kwalabe a jere: citta, kirfa, kanumfari, na'a-na'a, zoɓorodo. Ta tsiyaya a ƙaramin kofin gilashi, turiri na tashi, ta miƙo. Kofin ma da ƙyar yake riƙuwa, sai dai a kama bakinsa da yatsu biyu, amma haka ake kurɓa. Ku riƙe wannan kofi a ranku, za mu dawo kansa.

Ciwon da muka ɗauko shi ne dajin maƙoshi, wato sankarar da ke kama bututun da abinci yake bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Bututun bai wuce santimita 25 ba. Ciwon kuma ba ya zuwa da hayaniya. Da fari mutum ya ji tsokar nama ta tsaya masa a ƙirji, ya kora da ruwa, ya manta. A Omdurman, wataƙila agashe ne, gasasshen naman nan mai ƙuli-ƙuli da yaji da Hausawa suka kai Sudan. Bayan 'yan makonni sai kisra, gurasarsu, ta gagara. Ya koma asida, tuwonsu mai laushi, ita ma ta ƙi wucewa. Ya koma kunu. Daga nan sai ruwa, daga ruwa sai yawun bakinsa. Ga abinci a gabansa, ga yunwa na cinsa, yana ramewa iyalinsa na kallo. Kuma kafin haɗiya ta fara wuya, galibi ƙarin ya riga ya cinye kaso mai yawa na faɗin bututun. A shekarar 2022 an ƙiyasta mutum sama da 500,000 sun kamu da shi a duniya, sama da 440,000 sun rasu.

To ina mai wannan ciwo yake nufa a Sudan? Shekaru aru-aru amsar guda ce: Mustashfa az-Zarra, Asibitin Zarra. Sunan nan ya daɗe yana ja min hankali. Zarra dai ita ce ƙwayar zarrar da muka sani tun a makarantar allo, mafi ƙanƙantar abu. Mutanen Khartum suka laƙaba wa cibiyar gashin daji wannan suna saboda na'urorinta da ƙarfin ƙwayar zarra suke aiki. An buɗe ta a 1967, kuma sama da shekara 30 ita kaɗai ce a ƙasar da a lokacin ta fi kowace girma a Afirka. Daga Darfur, daga Kordofan, daga Kassala, duk nan ake zuwa, a kwana a hanya, a kwana a layi. Sai a 1999 Cibiyar Daji ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta fara ɗaukar wani ɓangare na nauyin.

Daga kundin waɗannan asibitoci ne wani abin mamaki ya fito. A duniya, cikin kowane mutum 10 masu wannan ciwo, kusan 7 maza ne, saboda sigari da giya su ne manyan dalilansa. A Sudan kuwa likitoci suka ƙirga, suka sake ƙirgawa, suka ga mata sun fi yawa. A 2012 likitocin Jazira suka buga rahoto a kan rinjayen mata a cikin majinyatansu. Ku saurara da kyau: matan da akasarinsu ba su taɓa kai kara ɗaya na sigari baki ba, ba su san ɗanɗanon giya ba, su ne suka fi cika gadajen. Me ya sa?

Wannan tambaya ce ta hana ni sakat tun da na fara haɗa shirin nan. Akwai abubuwan da masu bincike a gabashin Afirka suke zargi. Akwai hayaƙin itace da gawayi, wanda mace take shaƙa a madafa tun tana 'yar shekara bakwai har ta tsufa. Akwai ƙarancin sinadaran abinci a jiki, ga haihuwa a kai a kai. Akwai lalacewar haƙora. Akwai kuma tumbak, tabar da 'yan Sudan suke cusawa a leɓe, garin ganyen taba da ake kwaɓawa da kanwa, kamar dai yadda tsofaffinmu suke yi. Binciken Ali Idris da abokan aikinsa a shekarun 1990 ya nuna tumbak na ɗauke da gubar da ke haddasa daji fiye da tabar leɓe ta Turai nesa ba kusa ba, kuma an danganta ta da dajin baki. Sai dai tumbak ta fi yawa a bakin maza, don haka ba ta warware mana zancen mata ba.

Mu dawo kan kofin shayinmu. A 2016 hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta ce abin sha da zafinsa ya haura maki 65 a ma'aunin Salshiyas mai yiwuwa ne ya haddasa dajin maƙoshi. Laifin na zafin ne, ganyen shayi ba ruwansa. A lardin Golestan na Iran an bi mutum kusan 50,000 na tsawon shekaru, ana auna zafin shayin da suke sha, aka ga masu shansa da zafi sosai sun fi kamuwa. A arewacin Tanzaniya aka auna shayin madara, aka tarar ana fara kurɓarsa yana kusan maki 70. Ni dai tun da na karanta wannan, in na ga mai shayin unguwarmu yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi daga wannan zuwa wancan don ya huce, sai in ce Allah ya yi masa albarka. Minti huɗu ko biyar na haƙuri, shi ke nan.

Wannan ɓangaren dalili ke nan. Batun magani fa? A ƙasar Holan aka yi wani gwaji mai suna CROSS, aka fitar da sakamakonsa a 2012. Majinyata 366, aka raba su biyu. Rabi aka yi musu tiyata kai tsaye. Rabi kuma aka fara ba su maganin daji ta jijiya tare da gashi sau 23 cikin mako biyar, sannan tiyata. Tsaka-tsakin rayuwar rukunin farko wata 24, na biyu wata 49. Ninki biyu. Wani abin farin ciki, nau'in dajin da ya fi yawa a gabashin Afirka, mai tasowa daga fatar cikin bututun, shi ya fi jin wannan magani. A 2021 kuma wani gwajin ya nuna maganin nivolumab, mai zaburar da garkuwar jiki, yana jinkirta dawowar ciwon bayan tiyata daga wata 11 zuwa 22. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, a Omdurman yake ko a Kano.

Likitocin Khartum ba su naɗe hannu suna jiran Turai ba. A 2009 aka kafa rajistar daji ta ƙasa, Intisar Saeed da abokan aikinta suka buga sakamakon farko a 2014: mutum 6,771 aka rubuta a Jihar Khartum cikin shekara biyu. A 2016 Farfesa Mohamed ElMakki Ahmed na Jami'ar Khartum da abokan aikinsa suka buga bayanin majinyata 100 a jere da suka yi wa tiyatar dajin maƙoshi. Aiki ne na tururuwa, suna bayan suna, fayil bayan fayil. Da irinsa ake gano dalilin da ya sa mata suka fi yawa, da irinsa kuma ake gina gwajin magani a kan mutanen ƙasa.

Sai ranar 15 ga Afrilun 2023. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a tsakiyar birnin Khartum, Asibitin Zarra ya tsaya cak. Ku tuna, gashi sau 23 a jere ake so. Wanda ya yi 10 ya ji ƙarar bindiga, ina zai nufa? Da yawa suka tsere Wad Madani, a watan Disamba ita ma ta faɗa hannun RSF. Aka koma dogaro da Marawi, can arewa, ko a haura Masar ga mai hali. A Omdurman, asibitin An-Nau ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin luguden wuta, amma masu raunin harsashi sun cika shi. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai 'yan uwanmu Hausawan Sudan, jikokin mahajjata, da ɗalibanmu masu karatun likita da aka kwaso a motoci ta hamada. Sojoji sun karɓe Khartum a Maris ɗin 2025, amma tayar da na'urar gashi da dawo da ƙwararrun da suka watse ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Ana yi min alama lokaci ya ci mu, don haka a taƙaice. A asibitin Tenwek na Kenya, likitoci sun saka wa majinyata 951 wani ɗan bututun raga na ƙarfe da ke buɗe maƙoshi. Ba ya warkar da dajin, amma mutum yana komawa cin abinci, wani ma a ranar. Masu bincike na Kenya da Tanzaniya da Malawi da wasu ƙasashe sun haɗa kai tun 2017 a kan wannan ciwo, kuma fatana shi ne Sudan ta samu lafiyar da za ta kawo musu tambayarta ta mata.

Ke Hajiya, kai Malam, in loma ta fara tsaya muku a ƙirji, mako biyu, mako uku, ga rama ba dalili, kada ku tsaya ga jiƙo da kora ruwa. Ku je asibiti ku nemi a leƙa maƙoshin da na'urar hangen ciki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.