Lambun tukwane: Inda za a samo haɗin ƙasar da ba ta riƙe ruwa

Tun daga shekarar 2024, lokacin da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, magidanta da dama a Abuja da kewaye suka koma shuka tumatir, attaruhu da alayyafo a cikin buhuna, bokitai da tukwane. Haka kuma uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar kafa lambu a kowane gida. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan shuke-shuke ba sa kai ƙarshen damina. Ganye ya yi rawaya, ya yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take, mai lambu ya ƙara ban ruwa, shukar ta ƙarasa mutuwa. Sau da yawa laifin na ƙasar da aka cika tukunyar da ita ne.

Me ya sa ƙasar gona ke kashe shuka a tukunya?

Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. A gona, ruwan sama yana nutsewa can ƙasa ya bar wa iska gurbi. A tukunya kuwa zurfin bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, don haka ƙasa mai laushi takan riƙe ruwa a gindinta kamar soso, ko da an huda tukunyar. Jar ƙasa mai yumɓu, wadda ta yi yawa a yankin Abuja, ta fi kowace muni: idan ta sha ruwa ta zama taɓo, idan ta bushe ta daskare kamar bulo. A garin da ake ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, saiwa kan shafe kwanaki cikin taɓo har ta ruɓe.

Akwai tsohuwar dabara ta zuba tsakuwa a gindin tukunya, amma ba ta magance matsalar. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika da shi maƙil. Abin da tsakuwar ke yi shi ne ɗago jiƙaƙƙen sashen sama, kusa da saiwa. Maganin shi ne a cuɗa abubuwa masu manyan ƙwayoyi a cikin haɗin gaba ɗaya.

A Turai da Amurka ana yin haɗin ne da ruɓaɓɓen gansakukan fadama da ake haƙowa a ƙasashe irin su Kanada, da ɓawon itacen fayin, da wani farin dutse mara nauyi da ake kira falait, wanda ake gasawa har ya kumbura kamar gugguru. A nan sai an shigo da su daga waje, kuma faɗuwar darajar naira ta ƙara musu tsada. Amma akwai abubuwan da za su maye gurbinsu, waɗanda akasarinsu shara ce a wurin masu su.

Abubuwan da ke kusa da gida

Na farko shi ne buntun shinkafa. Kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera buntu ne, shi ya sa yake tarin tsibi a bayan injinan casa na Lafiya, Bida, Kura da Abakaliki. Yana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke hana shi saurin ruɓewa, kuma ba shi da nauyi. Buntun shinkafar da aka turara ya fi, domin zafi ya riga ya kashe irin ciyawar da ke ciki. A Amurka ma ana sayar da irinsa a madadin falait. Manoman Japan da Filifin sukan babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ta haka yake ƙara daɗewa.

Na biyu shi ne yashin kogi mai gautsi, irin wanda masu buga bulo ke nema. Yashin filasta mai laushi toshe ƙofofin iska yake yi, don haka a guje shi. Haka ma garin dutse daga wuraren fasa dutse irin na Mpape: ƙananan tsakuwa masu girman ƙwayar dawa zuwa ta wake ake so, ba ƙurar ba.

Na uku shi ne ɓurɓushin gawayi da ke taruwa a gindin buhu wurin masu sayarwa. A tankaɗe shi, a wanke, a raba shi da toka, domin toka mai yawa tana da kaifi irin na kanwa. Tsingaron tukwanen ƙasa, wanda ba ya wuya a garuruwan magina irin su Ushafa da Kwali, shi ma idan aka farfasa shi ƙanana yana tsotse ruwa ya riƙe, ba tare da ya narke ya zama taɓo ba.

Zaren ɓawon kwakwa, wanda ya fi yawa a yankin Badagry na jihar Legas, yana riƙe danshi daidai gwargwado, amma sai an jiƙa shi an ɗauraye sau da dama saboda gishiri. Garin katako kuwa, da ake samu a kasuwannin katako na Dei-Dei da Kugbo, akwai hatsari a ɗanyensa: ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin daga ƙasa su bar shuka da yunwa. Sai ya shafe watanni yana ruɓewa tare da taki kafin a yi amfani da shi, kuma a guji na katakon da aka shafa wa magani ko fenti. Ɗanyen kashin kaji ma ƙona saiwa yake yi, sai wanda ya huce.

Awo da gwaji

Domin kayan miya, ana iya farawa da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na buntu, da kwano ɗaya na yashi haɗe da gawayi. Tsirrai masu jure fari, kamar alobera, suna son a ƙara tsakuwa a rage taki. Kafin haɗawa, a tankaɗe yashi, gawayi da tsingaro da ragar taga a zubar da ƙurar.

Gwajin ba shi da wuya. A dunƙule jiƙaƙƙen haɗin a hannu. Idan ya warwatse da an taɓa shi, ya yi, idan ya zauna kamar curin fura, a ƙara buntu da yashi. Sannan a cika tukunya a kwarara ruwa. Ya kamata ya fara fita ta ƙasa nan take, ba ya kwanta a sama ba.

Wannan haɗi yana da nasa nauyin a kan mai lambu. Lokacin hunturu da zafin Maris yakan bushe da wuri, sai an yi ban ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma, kuma taki yana saurin wankewa, don haka sai a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan. Rufe saman tukunya da busasshiyar ciyawa yana rage bushewar. A damina kuma, a ɗora tukwanen a kan bulo domin ramukan gindinsu su kasance a buɗe.