Dokar Zauren WhatsApp da Girman Manya a Sifawa

A Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ba a taɓa rubuta wa majalisa doka ba. Yaro ya san inda zai zauna, ya san lokacin da zai yi shiru. Amma yanzu a zaurukan WhatsApp na 'yan gari, daga Boɗinga har Shagari, sai ka ga an kafa sharuɗɗa: ban da zagi, ban da siyasa, ban da turo labarin da ba a tantance ba.

Dalilin a fili yake. Waya ta kawar da idon da ke sa kunya. Saƙon murya kuma ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya boko ba, abin farin ciki, sai dai murya na ɗaukar fushi fiye da rubutu. Ga yawa: tun 2022 zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024. Kamfanin WhatsApp ma ya ga illar yaɗuwar saƙo barkatai, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda.

Sakkwatawa sun san inda maganar zaure ke iya kaiwa. A Mayun 2022, saƙon murya a zauren 'yan aji ne ya kai ga kisan wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, har aka sa dokar hana fita a birnin Sakkwato.

Dokokin zaurukan sun yi amfani. Inda ake bin su, sanarwar jana'iza, neman jini ga mara lafiya da gudummawar gyaran rijiya ba sa nutsewa cikin hayaniya. Inda suke da rauni shi ne wajen zartarwa. Shugaban zaure galibi matashi ne, don shi ya iya waya. Zai cire sa'ansa nan take, amma idan ƙanin mahaifinsa ko wani ɗan siyasa ya karya doka, iyakarsa ya ce, "Baba, a yi haƙuri a goge." Kowa kuma yana iya ganin sunan wanda aka cire, sai abin ya zama tozarci da ke bin mutum har masallaci da kasuwa. Daga nan wanda aka kora ya buɗe nasa zauren, gari ya rabu biyu.

A ganina, gara a haɗa matashin da dattijon da ake jin maganarsa, a kuma ja kunnen mai laifi a keɓe kafin a kai ga cirewa.